Daga Bakin Kogin Nilu Zuwa Kasuwar Zuru: Doguwar Tafiyar Kalmar “Takarda”

Duk lokacin da rundunar sojan Nijeriya ta buɗe ɗaukar sababbin kurata, shagunan hoto da na kwafin takardu a garin Zuru sukan cika maƙil. Samari ne ke kwararowa daga Dabai da Ribah da Mahuta da Dirin Daji, kowa riƙe da 'yar leda ko ambulan. A ciki akwai takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da ta kammala sakandare, ga kuma katin ɗan ƙasa an soke a aljihun gaba. In ranar tantancewa ta matso, abokai sukan haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota, a jefa katan ɗin ruwa a but, waɗanda suka gaji da jiran direba kuma su koma gindin bishiya su buga karta.

Takarda, kati, shata, katan, karta. Mai magana da Hausa yakan furta waɗannan kalmomi biyar a wuni ɗaya ba tare da ya ji wani zumunci a tsakaninsu ba. Amma uwarsu ɗaya. Dukansu tsatson wata kalmar Latin ce, “charta”, wadda Romawa suka aro daga Girkawa sama da shekara 2,000 da suka wuce. Kalmar da ta haifi “carta” ta Italiya da Sifaniya da Fotugal, da “carte” ta Faransa da Romaniya, ita ce ta haifi takardarmu. Abin da ya bambanta Hausa da waɗannan harsuna shi ne ba sau ɗaya kalmar ta shigo mata ba. Ta shigo ta hamada a bayan raƙumi, ta sake shigowa ta teku a bakin Turawan mulki, kuma kowace shigowa ta bar alamar hanyar da ta biyo a jikin kalmar.

Ciyawar da ta zama abin rubutu

Labarin ya fara ne a fadamun Kogin Nilu, inda wata doguwar ciyawar ruwa ke tsirowa har ta fi mutum biyu tsawo. Dangin aya ce a wajen masana tsirrai, kuma har yau ana samunta a Tafkin Chadi. Mutanen Masar na dauri sukan feƙe ɓawon karanta, su yanka ɓargon ciki siri-siri, su jera wani a tsaye wani a gicciye, su danne har ruwan jikinsa ya manne su, su shanya, sannan su goge da dutse mai santsi. Fallayen da aka samu a liƙa su, yawanci ashirin-ashirin, a naɗe kamar tabarma. Mafi tsufan irin wannan abin rubutu da aka samu da rubutu a jikinsa an tono shi ne a 2013 a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya. Lissafin aiki ne na wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, wanda ke jigilar duwatsun ginin babbar dalar Giza, kimanin shekara 4,500 ke nan.

Girkawa suna sayen wannan kaya daga Masar. Ciyawar suna ce mata “papyros”, naɗin da aka sarrafa kuma “khartes”. Ba shi da araha. A lissafin kuɗin ginin wani ɗakin bauta a birnin Atina, wanda aka sassaƙa a dutse wajen shekara ta 408 kafin haihuwar Annabi Isa, an rubuta sayen naɗi biyu, kuma kuɗin kowane ɗaya ya ɗara ladan wunin magini.

Da Romawa suka ɗauki kalmar sai suka gyara ta yadda bakinsu zai iya. A Girkanci namiji ce. A Latin ta koma “charta”, ta ƙare da wasalin a, ta zama mace, kamar dai yadda yawancin sunayen Hausa masu ƙarewa da a suke mata. Marubucin nan Pliny Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79 lokacin aman dutsen Vesuvius, ya bayyana yadda ake yin ta da darajojinta a babban littafinsa na tarihin halittu. Mafi kyau an sa mata sunan Sarki Augustus, mai bi mata sunan matarsa Livia. Ta can ƙasa kuwa ba ta rubutuwa, 'yan kasuwa ne ke naɗe kaya da ita.

Yadda 'ya'yan Latin suka raba gado

Bayan rushewar daular Rum ta yamma a 476, Latin ɗin da talakawa ke yi a kasuwa da barikin soja ya rarrabu, kowane yanki da nasa lafazi, har aka samu harsunan Italiya da Sifaniya da Fotugal da Faransa da Romaniya. Kowanne ya gaji “charta”, amma kowanne da ɓangaren ma'anar da ya riƙe.

Mutumin Italiya ya riƙe asali: “carta” a wurinsa ita ce takardar da ake rubutu a kai. Daga ita ya fitar da “cartone”, wato takarda mai kauri, kwali ke nan. Da “cartolina”, katin gaisuwa na gidan waya. Da “cartoccio”, ƙunshin takarda irin na mai ƙosai, wanda daga baya ya zama sunan ƙunshin albarushi, Faransawa suka mayar da shi “cartouche”, harsashi. A Sifaniya da Fotugal kuwa “carta” wasiƙa ce. Mai raba wasiƙu a Madrid “cartero” ne, jakar kuɗi “cartera”. A Lisbon lasin tuƙi “carta” ne, a Brazil ofishin da ake rajistar haihuwa da aure da cinikin fili “cartório”. Su waɗannan harsuna biyu, da Faransanci, sai suka koma ga sunan ciyawar don su ambaci takardar kanta: “papel” da “papier”. Can gabas, mutumin Romaniya in ya ce “carte”, littafi yake nufi.

Faransanci ne ya fi kowa sauya mata kama. A arewacin Faransa, sautin ka na Latin ya rikiɗe ya zama ca, daga baya sha. Haka “cantare”, rera waƙa, ta zama “chanter”, “campus”, fili, ta zama “champ”. Don haka 'yar ƙaramar takarda, “chartula”, ta zama “chartre”, takardar da sarki ke bayarwa ta izini ko ta 'yanci. Daga baya, wajen ƙarni na 14, Faransawa suka sake ɗauko kalmar da sautinta na ka, suka sami “carte”: taswira, katin wasa, jerin abincin gidan cin abinci, katin shaida. Yaron firamare a Maraɗi ko Damagaram da ke kiran jakar makarantarsa “cartable” yana cikin wannan zuri'a.

Ingilishi ba ɗan Latin ba ne, amma bayan Normawa sun ci Ingila a 1066 ya kwashi kalmomin Faransanci masu ɗimbin yawa. Ta nan ya sami “charter” mai sautin ca, daga baya ya sami “card” da “carton” da “cartoon” masu sautin ka. Shahararriyar yarjejeniyar da manyan Ingila suka tilasta wa Sarki John amincewa da ita a 1215, wadda ta taƙaita ikon sarki, da Latin aka rubuta ta, kuma sunanta Magna Carta, babbar takarda.

Idan aka jera waɗannan ma'anoni aka dubi Hausa, za a ga abin da 'ya'yan Latin suka raba, Bahaushe ya haɗa shi a kalma ɗaya. Takarda ce farar da ake rubutu a kai, irin ta Italiya. Takarda ce wasiƙar da soja ke aiko wa gida, irin ta Sifaniya. Takarda ce shaidar mallakar gona da sammacin alƙali da sakin aure, irin ta Faransa. In kuma aka ce yaro yana can yana duba takardunsa, littattafansa ake nufi, irin na Romaniya.

Ƙofar hamada

Mabuɗin gane hanyar da takarda ta biyo shi ne gaɓar farko, wato ta. Babu ita a Girkanci, babu ita a Latin. A harsunan Berber na Arewacin Afirka, ciki har da Tamashek na Abzinawa, sunan mace yakan fara da harafin t. A bakin Abzinawa kalmar ita ce “takarḍe”. In aka cire ta ɗin, abin da ya rage shi ne “karḍe”, wato “carta” a lafazin mutanen hamada. Masanin harsunan Berber na Jami'ar Leiden, Maarten Kossmann, ya wallafa littafi guda a 2005 kan kalmomin da Hausa ta ara daga waɗannan harsuna, kuma takarda na cikinsu, tare da takobi da raƙumi da azurfa. Tawada ma, duk da cewa tushenta “dawat” ne na Larabci, ta ɗin da ke gabanta na nuna ta yada zango a wajen Berber kafin ta iso.

Ba abin mamaki ba ne a sami Latin a bakin Berber. Romawa sun rusa birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau, a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa, suka mulki gaɓar Arewacin Afirka ɗaruruwan shekaru. Sarkin Rum Septimius Severus, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, haifaffen Leptis Magna ne a Libiya ta yau, kuma a ƙarni na 3 akwai sojojin Rum a Gadamas, garin da fatakensa suka yi ƙarnoni suna zama a Kano. Har a ƙarni na 12, masanin ƙasa Al-Idrisi ya ba da labarin cewa mutanen Gafsa a kudancin Tunisiya suna magana da wani irin Latin na Afirka. Saura kaɗan Afirka ta sami nata harshe a jerin 'ya'yan Latin. Larabci ne ya maye gurbinsa.

Abin da ya saura shi ne kalmomi. A wasu harsunan Berber lambu “urti” ne, daga “hortus”. Gona “iger”, daga “ager”. Abzinawa suna da “anjelus”, mala'ika, wata kalmar Girkanci da ta biyo ta Latin. Masana da dama kuma suna mayar da Tabaski, sunan Babbar Sallah a Nijar da Mali da Senegal, ga “tafaska” ta Berber, ita kuma ga “pascha” ta Latin.

Daga Azbin zuwa ƙasar Hausa kuwa hanya a buɗe take. An kafa sarautar Agadas a farkon ƙarni na 15. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Yakubu, tsakanin 1452 da 1463, Fulani malamai sun zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, kuma a lokacin ne gishirin Azbin ya yawaita a ƙasar Hausa. A zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya gaje shi, Shehu Al-Maghili ya iso Kano bayan ya bi ta Azbin, ya rubuta wa sarki nasiha kan sha'anin mulki. Ayarin da ke ɗauke da gishiri da littattafai shi ke ɗauke da farar takarda, kuma Abzinawa ne ke jan akalar raƙuman. Sunan da masu kaya ke kiran kayansu shi ya zauna.

'Yar'uwarta ta Larabci

Kalmar Girkancin ta bi wata hanyar ta gabas, ta harsunan Sham, ta shiga Larabci a matsayin “ƙirɗas”, jam'inta “ƙaraɗis”. Duk wanda ya yi karatun allo ya wuce ta kanta: tilon yana aya ta 7 ta Suratul An'am, jam'in yana aya ta 91. Malaman lugga na farko sun lura da baƙuntarta. Al-Jawaliƙi, malamin Bagadaza na ƙarni na 12, ya sa ta a littafinsa na kalmomin da Larabci ya aro ya mayar nasa, kuma Jalaluddin As-Suyuɗi ya kawo maganarsa a Al-Itƙan. Shi As-Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ba baƙo ba ne a nan: ya rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina.

Har rikicin dauloli “ƙaraɗis” sun taɓa haddasawa. Masanin tarihi Al-Balazuri ya ruwaito cewa Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya sa an canza tambarin da ake bugawa a kan naɗin da Masar ke sayar wa Rumawa, aka sa kalmomin tauhidi. Sarkin Rum ya yi barazanar rubuta ɓatanci a kan zinaren da Musulmi ke ciniki da shi, sai Halifa ya buga nasa dinari. Dinari kansa “denarius” ne na Latin, wanda ya bar “dinero” a Sifaniya da “denaro” a Italiya. Dirhami kuma “drakhma” ce ta Girka. Alƙalamin da gardi ke feƙewa daga sillen kara, yawancin masana suna mayar da shi ga “kalamos”, kara a Girkanci, wanda Latin ta mayar “calamus”.

Daga Larabci kalmar ta yi nata yawon. Mutanen gaɓar Gabashin Afirka sun ɗauki jam'in, suka ce “karatasi” da Swahili; mutanen Indunusiya da Malesiya suka ɗauki tilon, suka ce “kertas”. Hausa, da duk yawan abin da ta ara daga Larabci a fagen ilimi, allo da littafi da wasiƙa da hatimi, ba ta ɗauki “ƙirɗas” ba. Ta riga ta sami tata daga Azbin.

Takarda mai wata uku

Sunan ya daɗe fiye da abin da aka fara raɗa wa shi. Takardar da muka sani a yau, wadda ake yi da dakakken tsumma ko ɓawon itace, ƙirƙirar ƙasar Sin ce, kuma ana danganta ta da wani bafade mai suna Cai Lun a shekara ta 105. Ta shigo ƙasashen Musulmi ta Samarkand a ƙarni na 8, kafin ƙarnin ya ƙare ana yin ta a Bagadaza, ta bi ta Masar da Fas har Andalus. A ƙarni na 13 garin Fabriano na Italiya ya shahara da ita, kuma a can aka ƙirƙiro tambarin ruwa, alamar nan da ba a ganinta sai an ɗaga takarda a haske. Ciyawar Nilu ta fita daga kasuwa, sunanta ya koma kan sabuwar haja.

Duk wanda ya ɗaga tsofaffin rubuce-rubucen zamanin Daular Usmaniyya a haske, a ɗakin tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato ko a Gidan Arewa da ke Kaduna, sau da yawa zai ga jinjirin wata guda uku a jere. Takardar Italiya ce, mai yawa daga cikinta daga masana'antar iyalin Galvani a yankin Pordenone, arewa da Venice, an yi ta musamman don kasuwannin Musulmi. Jirgin ruwa ya kai ta Tarabulus ko Iskandariya, raƙumi ya ƙarasa da ita. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya tarar ana shigo da ita da yawan gaske, har 'yan kasuwa na naɗe tufafin da aka rina a Kano da ita, aikin da Pliny ya ga 'yan kasuwar Rum na yi da tasu kusan shekara 1,800 kafin nan. Ma'aikacin da ya tsamo ta daga ruwa a Italiya yana ce mata “carta”, magatakardan da ya rubuta wasiƙar Sarkin Musulmi a kanta yana ce mata takarda, kowannensu bai san suna ɗaya suke kira ba.

Yadda ta sami gindin zama a Zuru

Ƙasar Zuru tana da nata tsari tun kafin takarda ta yi ƙarfi a cikinta. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da maƙwabtansu Fakkawa da Dukkawa da Kambari, manoma ne da mayaƙa da suka dogara da duwatsunsu wajen kare kai daga hare-haren bayi na ƙarni na 19, musamman daga Kwantagora. Alƙawari a wurinsu a idon jama'a ake ƙulla shi. Golmo babban misali ne: saurayi da tsararrakinsa su yi wa mahaifin yarinya noma shekara bakwai, gari duka na gani, kunyoyin da aka yi su ne shaida, bikin Uhola na bayan girbi kuma shi ke sanar da waɗanda suka kammala. Tarihin wanda ya rasu ana ajiye shi a tukwanen yumɓu masu siffofi da ake kafawa a kan kabari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sa hannu.

Hausawa 'yan kasuwa da malamai ne suka fara kawo takarda, da laya da wasiƙar ajami. Amma ƙarfinta ya zo ne bayan Turawa sun ci Kwantagora a 1901. Takardar haraji ta zama abin da magidanci ba ya tafiya kasuwa sai da ita, don dogari ko ɗan doka na iya tambaya a hanya. A shekarun 1920 'yan mishan suka kafa tasha a Zuru da makaranta, kuma da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, shi ya zama littafin majami'un yankin. Masallaci da majami'a da kotu da kasuwa duk suka haɗu a kan Hausa, tare da C'Lela, harshen Lelna, da sauran harsunan gida.

Sai kuma soja. Rundunar da Baturen mulki Lugard ya kafa a 1897 da Hausa take magana da kuratanta, kuma mutanen Zuru sun yi suna a cikinta. A Yaƙin Duniya na Biyu, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Bama, kuma abin da ke haɗa soja da gida a lokacin shi ne wasiƙa, wadda sau da yawa wani ke rubuta masa, wani kuma ya karanta wa iyayensa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ita ke kawo labarin fagen daga. Wanda ya dawo ya dawo da takardar sallama, wadda fanshonsa da aikin gadi ko na ɗan doka duk suka rataya a kanta. Tsofaffin sojojin nan sun ga yadda mai karatu ke wuce su a muƙami, suka tura 'ya'yansu makaranta. Daga wannan ƙasa aka sami Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, shugaban rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, gwamnan soja na Jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985, wanda daga baya ya hau sarautar Zuru. Tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta garin ita ce harsashin Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a 2020.

Ƙofar teku

Kafin Turawa su kafa tuta, wata “charter” ce ta share musu hanya. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin George Goldie takardar izinin mulki da ciniki a Kogin Kwara, ya zama Royal Niger Company. An karɓe izinin a ƙarshen 1899, ran 1 ga Janairu 1900 Lugard ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja. Amma ba wannan babbar ma'ana ce ta zauna a Hausa ba. A harkar jiragen ruwa, “charter” ita ce takardar hayar jirgi sukutum, daga nan ta sauko tashar mota, ta zama shata.

Turawan Ingila ba sa furta r ɗin da ke bayan wasali, kuma kunnen Bahaushe ya kama abin da ya ji. Shi ya sa “motor” ta zama mota, “charter” ta zama shata, “card” ta zama kati, “carton” ta zama katan, “cartoon” da yara ke kallo ta zama katun. Karta kuwa ta riƙe r ɗinta daram, kamar yadda takarda ta riƙe, alamar cewa ba daga bakin Ingilishi ta fito ba. Siffarta ɗaya da “karta” ta Larabcin Tunis da Tarabulus, wadda su ma suka karɓa daga maƙwabtansu na Bahar Rum. Wasan kansa daga Masar ta zamanin Mamluk ya shiga Turai a shekarun 1370, aka sa masa sunan takarda, ya juyo Afirka da sabon suna.

A yau kati ya kusa kamo takarda a iko. Katin asibiti, katin rigakafin yara, katin gayyatar biki, jan katin alƙalin wasa, katin waya tun zuwan wayar salula a 2001, katin zaɓe da aka fara tantancewa da na'ura a 2015, katin cirar kuɗi da ya zama dole a farkon 2023 lokacin da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 ya sa takardun kuɗi suka ɓace daga kasuwannin ƙauye. Yawancin katunan nan roba ne. Ƙananan kuɗi ma, tun da aka fara da naira 20 a 2007, leda ne, amma takardar kuɗi ake ce musu. Fom ɗin da aka cike a intanet aka turo ta WhatsApp, shi ma takarda ne a bakin mai shagon kwamfuta.

Hausa ma ba ta riƙe kalmar ita kaɗai ba. Fatake da sojoji da malamai sun kai ta kudu: Nufawa da Yarbawa suna da “takada”, Tibi suna kiran littafi “takerada”, Igala na cewa “otakada”. A ƙasar Asante, inda fataken goro ke zuwa, sun tarar da “krataa”, wadda mutanen gaɓar teku suka karɓa daga Turawan Fotugal da suka gina ganuwar Elmina a 1482. A zangon Kumasi, reshen da ya ratso hamada ya gamu da wanda ya zagayo ta teku.

Abin da ke cikin akwatunan Zuru

Masu bincike sun fi mayar da hankali kan takardun Sakkwato da Kano da Borno, kuma sun cancanci haka. Amma ƙasar Zuru ma tana da nata. A cikin adakar tsofaffi akwai takardun sallama na sojojin Bama da na Kwango da na yaƙin basasa, da rasiɗin haraji da na jangali, da wasiƙun boko da na ajami, da rajistar baftisma ta majami'u, da littattafan waƙoƙi da na koyon karatu na C'Lela. Daga cikinsu ne za a iya gano lokacin da kowane ƙauye ya fara karatu, da sunayen waɗanda suka tafi yaƙi ba su dawo ba, da yadda Hausar Zuru ta kasance shekara 80 da suka wuce.

Gara na cin wasu, damina na lalata wasu. Mafi muni, hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Danko/Wasagu da Sakaba a 'yan shekarun nan sun kori dubban mutane daga ƙauyukansu, kuma wanda ya tsere da dare da yara a hannu ba ya tsayawa ɗaukar akwati. Iyali na rasa takardar gona da shaidar makarantar yara da takardar fanshon kaka a gobara ɗaya, ƙasa kuma ta rasa wani yanki na tarihinta.

Aikin ceto su bai fi ƙarfin Zuru ba. Fadar masarauta na da hakimai da dagatai da za su iya sanar da jama'a, majami'u da masallatai na da amincewar mutane, jami'ar garin da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da ɗalibai masu neman abin bincike. Wayar hannu mai kyamara mai kyau ta isa ɗaukar hoton kowane shafi, a rubuta sunan gidan da ƙauyen da shekarar, a mayar wa mai abu abinsa, a ajiye kwafi ɗaya a Zuru, ɗaya a Birnin Kebbi, ɗaya a ɗakin ajiyar tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Waɗanda ya kamata a fara da su su ne iyalan da ke gudun hijira a Ribah da cikin garin Zuru, da gidajen tsofaffin sojoji inda har yanzu akwai dattijon da zai iya faɗin wanda ya rubuta kowace wasiƙa da wanda aka aika wa.